Gargaɗi ga Masu Yaɗa Tarihin Jarumai Mata na Finafinan Sin: Ku Tantance Kafin Ku Tura

Wannan kira ne ga duk mai shafi a Facebook ko TikTok, da mai tura saƙo a rukunonin WhatsApp, da masu fassara finafinan Chanis zuwa Hausa, da masu gabatar da shirin nishaɗi a gidajen rediyo. Ku dakata da yaɗa tarihin kowace jarumar fim ta ƙasar Sin har sai kun san daga ina ya fito. Tun da finafinan Sin suka ƙara samun kasuwa a wajenmu, ta tashoshin StarTimes da fassarar da ake turawa a wayoyi, rubuce-rubucen "tarihin jaruma wance" sun yi yawa, kuma da dama daga cikinsu kwafe ne daga wani kwafe, wanda shi ma na'ura ce ta juya shi daga Turanci. Shekarar haihuwa, garin haihuwa, ƙasar da take riƙe da takardarta, wanda ta aura, yadda ta mutu: waɗannan su ne abubuwan da ake jefawa cikin layi biyu ana wucewa, kuma su ne ainihin abubuwan da Sinawa da kansu suka yi shekara kusan ɗari suna taƙaddama a kansu. A can wannan ganganci ya kai wata bakin hukuncin kisa, ya ɓata sunan wata har tsufanta, ya kuma raka wata kabari tana da shekara 24.

A shekarar 1938 kamfanin finafinai na Manchukuo, ƙasar jeka-na-yi-ka da Japan ta kafa a arewa maso gabashin Sin a 1932, ya fito da wata matashiya mai suna Li Xianglan. Sinanci a bakinta kamar ta gada kaka da kakanni, muryarta kuma ta ratsa daga Shanghai har Tokyo. Kamfanin ya bar jama'a su ɗauka Basiniya ce da ta rungumi Japan, domin abin da farfagandar mamaya ke buƙata ke nan. A wani fim na 1940 ta fito a matsayin yarinya Basiniya mai ƙin Japanawa, wani Bajapane ya shara mata mari, daga nan ta kamu da sonsa. Sinawa ba su manta da wannan marin ba.

Ainihin sunanta Yamaguchi Yoshiko. Uwa da uba duk Japanawa ne, an haife ta a 1920 a Manchuria, yankin da daga baya aka kafa Manchukuo, mahaifinta yana aiki da kamfanin jirgin ƙasa na Kudancin Manchuria. Sunan Li kuwa wani janar Basine, aminin mahaifinta, shi ya ba ta lokacin da ya ɗauke ta a matsayin ɗiya bisa al'adarsu. Da Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945 aka tsare ta a Shanghai bisa zargin cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma laifin da ba ya hawa kan kowa sai ɗan ƙasar Sin. Ta ce ita Bajapaniya ce, amma wa zai yarda, alhali jaridu da mujallu sun yi shekara bakwai suna cewa akasin haka? Abin da ya cece ta takarda ce guda: kwafin rajistar iyalinsu ta Japan, wadda iyayenta suka aiko mata ta hannun wata ƙawarta ta ƙuruciya, Barashiya. Aka sake ta a 1946 aka mayar da ita Japan. Kawashima Yoshiko, wadda aka haifa gimbiya a gidan sarautar Qing na Sin aka rene ta a Japan, ta kuma yi wa Japan leƙen asiri, ita ma ta ce Bajapaniya ce, amma ba ta samu takardar da za ta tabbatar da haka ba, aka harbe ta a Beijing a watan Maris na 1948.

Bayan haka Yamaguchi ta yi fim a Hollywood da sunan Shirley Yamaguchi, ta shiga majalisar dattawan Japan a 1974 da sunan aurenta Otaka Yoshiko, ta yi shekara 18 a ciki, ta rasu a 2014 tana da shekara 94. Mace ɗaya, suna huɗu. Duk wanda ya ɗora hotonta yau ya rubuta "fitacciyar jaruma Basiniya", to farfagandar 1938 yake maimaitawa bai sani ba.

Labarin Ruan Lingyu ya fi wannan ciwo, kuma shi ne aka fi kwafewa ba tare da tambaya ba. An haife ta a Shanghai a 1910, mahaifinta ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta ta shiga aikatau a gidan wasu masu kuɗi, iyalan Zhang. Ɗan gidan, Zhang Damin, shi ne namijin farko a rayuwarta, ɗan caca ne da ya mayar da ita saniyar tatsa. Daga baya ta koma wajen Tang Jishan, attajirin ganyen shayi. A tsakanin nan ta zama babbar tauraruwar finafinan da ba su da sauti, a kamfanin Lianhua. Fim ɗinta na 1934, Shennu, wanda Wu Yonggang ya ba da umarni, har gobe ana koyar da shi a makarantun fim. A farkon 1935 aka saki wani fim ɗin nata, Xin Nuxing, wanda Cai Chusheng ya gina a kan rayuwar jaruma Ai Xia da ta kashe kanta a 1934. Fim ɗin ya nuna 'yan jarida a matsayin masu cin naman mutane, ƙungiyarsu ta fusata. Ana cikin haka Zhang Damin ya maka ta da Tang a kotu, ƙananan jaridun Shanghai suka samu abin da suke nema, kullum da sabon labari a kanta. Ranar 8 ga Maris 1935 ta kashe kanta.

Nan ne taƙaddamar ta fara. Tang Jishan ya fitar da wasiƙun da ya ce ta bari, waɗanda suka ɗora laifi a kan Zhang Damin da kuma bakin mutane, suka wanke shi Tang tas. Duniya ta karɓa. Babban marubuci Lu Xun ya yi maƙala a kan batun, yana caccakar jaridun da ke farautar mata marasa gata. Makonni kaɗan bayan mutuwarta wata ƙaramar jarida ta buga wasu wasiƙun dabam, waɗanda aka ce su ne na gaskiya, tare da iƙirarin cewa Tang ne ya sa aka kwaikwayi rubutunta aka ƙirƙiri na farkon. A cikin waɗannan na biyun, Tang da kansa yana cikin waɗanda ake tuhuma, har da batun duka. Jaridar ba ta da masu karatu da yawa, maganar ta nutse, sai bayan shekaru masu yawa masu bincike suka sake tono ta. Yau da dama daga masana tarihin fim na Sin suna ganin wasiƙun farko jabu ne, wasu kuma suna da shakku a kan na biyun su ma. Saboda haka wanda ya rubuta da Hausa cewa "kalaman ƙarshe na Ruan Lingyu su ne kaza" ya yanke hukunci a shari'ar da mutanen Shanghai ba su gama ba, kuma mai yiwuwa ya zama kakakin mutumin da ake zargi da dukanta. Abin da ya dace ya ce shi ne: akwai wasiƙu kashi biyu, ga wanda ya fitar da na farko, ga amfanin da yake da shi a ciki.

A kula kuma da wani tarko. A farkon shekarun 1990 Stanley Kwan ya yi fim a kan rayuwarta, Maggie Cheung ta fito a matsayinta har ta ci kyautar jarumar da ta fi fice a bikin finafinai na Berlin a 1992. Fim ne mai kyau, amma fim ne. Hotunan Maggie Cheung daga cikinsa suna yawo da sunan Ruan Lingyu, kuma abubuwan da mai ba da umarni ya tsara suna shiga rubuce-rubuce a matsayin tarihi. Yawancin finafinan Ruan ɗin kansu sun ɓata.

Hu Die, wadda masu karanta jarida suka zaɓa Sarauniyar Fim a 1933, ita ƙazafin siyasa aka yi mata. Daren 18 ga Satumba 1931 sojojin Japan suka far wa Mukden, wato Shenyang ta yau, mafarin mamaye Manchuria. Sai jita-jita ta bazu cewa a wannan daren Zhang Xueliang, janar ɗin da yankin ke hannunsa, yana can yana rawa da Hu Die a Beijing. Wani fitaccen malami, Ma Junwu, ya saka zancen cikin waƙar zambo aka buga a jarida, ya bi gari. Kamfaninta na Mingxing ya buga sanarwar ƙaryatawa a jaridar Shen Bao, yana bayyana cewa tawagarsu ba ta isa Beijing ba sai bayan aukuwar abin. Ita kanta ta ce ba ta taɓa haɗuwa da janar ɗin ba ko sau ɗaya. Duk da haka zambon ya fi sanarwar nisan tafiya, ta ci gaba da ƙaryata shi har tsufanta, ta rasu a Vancouver a 1989. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka saka a baiti ta fi kowacce wuyar mayarwa.

Ba kowane saɓani ne ƙarya ba, kuma wannan ma dole mai rubutu ya san shi, don kada ya tuhumi wata da rage shekaru alhali lissafi ne ya bambanta. A ƙidayar gargajiya ta Sin, jariri yana da shekara ɗaya ranar da aka haife shi, kuma kowa yana ƙara shekara ranar sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Yarinyar da aka haifa kwana uku kafin bikin, ranar bikin shekararta biyu. Shi ya sa za ku ga an ce Ruan Lingyu ta mutu tana da 24 a wani wuri, 25 ko 26 a wani. Tsofaffin iyalai kuma da kalandar wata suke riƙe ranar haihuwa, kuma duk wanda ya taɓa juya kwanan Hijira zuwa na Miladiyya ya san yadda kuskure ke shiga idan aka ɗauki lambar wata aka ɗora a kan ɗaya kalandar kai tsaye. Ga kuma ƙidayar Jamhuriya, wadda ta fara daga 1912 kuma Taiwan ke amfani da ita har yanzu: shekara ta 24 a tsohuwar jaridar Shanghai tana nufin 1935, sai an ƙara 1911. Na'urar fassara ba ta san wannan ba, sai ta ba ku 1924.

Wani lokaci kuma ita jarumar ce ba ta san amsar ba. Zhou Xuan, mawaƙiyar da ake wa laƙabi da mai muryar zinariya, tauraruwar fim ɗin Malu Tianshi na 1937, an raba ta da iyayenta tun tana ƙarama, ta tashi a hannun masu riƙo, ta yi ta neman asalinta. Littattafai sun kasu a kan shekarar haihuwarta, wasu 1918, wasu 1920. Ta rasu a Shanghai a 1957. A irin wannan, mutunci shi ne a kawo shekarun biyu a faɗi dalilin saɓanin. Zaɓar ɗaya don rubutu ya yi tsaf yaudarar mai karatu ce.

Suna ma yana da nasa ramin. Sinawa sunan dangi suke sakawa a gaba, saboda haka Zhang Ziyi 'yar dangin Zhang ce, Gong Li 'yar dangin Gong. Sunayen dangi kaɗan ne suka mamaye ɗaruruwan miliyoyin mutane, don haka kasancewar mutum biyu Zhang ko Li ko Wang ba ya nuna suna da wata alaƙa, kuma daga nan ne ake ƙago "ƙanwar wane ce" ko "ɗiyar wane ce". Suna ɗaya kuma ana rubuta shi da boko iri-iri, gwargwadon ko an bi lafazin Beijing ko na Hong Kong, ko tsohon salon rubutu ko sabo. Mafita ita ce a nemo sunan da haruffan Sinanci a kwatanta su, ko da ba a iya karanta su ba. Ido yana gane ko zane biyu ɗaya ne.

Sai batun ƙasa, wanda ya fi komai saurin tayar da ƙura a Sin ta yau. Michelle Yeoh, wadda ta ci Oscar a 2023, 'yar Malesiya ce, an haife ta a Ipoh a 1962, kuma a finafinanta na farko a Hong Kong da sunan Michelle Khan aka tallata ta. Anna May Wong a Los Angeles aka haife ta a 1905, Ba'amurkiya ce, har Amurka ta saka hotonta a jikin kwabo a 2022. Gong Li an haife ta a Shenyang a 1965, ta karɓi takardar zama 'yar Singafo a 2008. Liu Yifei, wadda ta fito a Mulan na 2020, an haife ta a Wuhan, tana riƙe da takardar Amurka. Dokar ƙasar Sin ba ta amince da riƙe takardar ƙasa biyu ba, shi ya sa cewa wance ta sauya ƙasa zargi ne mai nauyi a can, wanda kan iya raba jaruma da aiki da masoya. Kada ku jingina wa kowa shi don kun gani a wani shafi.

Kada kuma a ɗauka wannan tsohon zance ne na zamanin finafinan baƙi da fari. A 2012 wani shafin labarai na Sinanci da ke Amurka, Boxun, da jaridar Apple Daily ta Hong Kong, sun yaɗa cewa Zhang Ziyi, jarumar Crouching Tiger, Hidden Dragon, tana karɓar maƙudan kuɗi tana kwana da manyan jami'ai, ciki har da Bo Xilai da aka tsige a shekarar. Ta shigar da ƙara a Amurka da Hong Kong. A 2013 ta yi nasara a kotun Hong Kong, Boxun kuma ya janye labarin ya ba ta haƙuri a fili. Zargin ya zagaya duniya cikin kwanaki, janyewar kuwa mutane kaɗan suka gani, har yau akwai masu tono shi su sake ɗorawa kamar sabo. A 2018 jaruma Fan Bingbing ta ɓace daga idon jama'a na tsawon watanni bayan Cui Yongyuan, tsohon mai gabatar da shiri a talabijin, ya fallasa batun kwangila biyu, ɗaya ta gaskiya ɗaya ta nuna wa masu haraji. A watannin nan babu irin shaci-faɗin da ba a yi ba, daga ta gudu Amurka zuwa tana kurkuku. Abin da hukuma ta sanar a watan Oktoba shi ne haraji da tarar da suka kai kimanin yuan miliyan 883, ita kuma ta fito a shafin sada zumunta na Weibo ta nemi gafara. Wannan shi ne abin da ke da tushe, sauran kuwa wai-wai ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

Yanzu abin ya ƙara muni, domin manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta tarihin mutum cikin daƙiƙa, da Hausa mai santsi, su cusa ranar haihuwa da sunan miji da adadin 'ya'ya waɗanda babu su. Suna haɗa hoto da murya ma. Santsin rubutu ba shaida ba ne. Haka nan ganin magana ɗaya a shafuka goma ba ya mayar da ita shaidu goma idan duk daga rijiya ɗaya suka ɗebo. Mu da muka tashi muna jin malamai suna tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji, shi kuma amintacce ne ko a'a, bai kamata mu rasa wannan tarbiyyar ba don kawai wadda ake magana a kanta Basiniya ce kuma 'yar fim. Nisan ƙasarta bai halatta mana namanta ba.

To me za a yi? Ku fara da tambayar wa ya fara faɗa, kuma me zai samu. Kamfanin Manchukuo yana da riba a ɓoye asalin Li Xianglan, Tang Jishan yana da riba a wasiƙun da ya fitar, kamfanonin da ke tallata jarumai a yau suna da riba a rage musu shekaru da gyara musu asali. Takardar hukuma, hukuncin kotu, da jaridar da aka buga a lokacin da abin ya faru sun fi bayanin da ke shafin masoya nauyi, ko da yake labarin Ruan da Hu Die ya nuna jaridar lokacin ma sai an duba wace ce. Akwai ma'ajiyar finafinai ta ƙasar Sin a Beijing, akwai ta Hong Kong, akwai tsofaffin bugu na Shen Bao da ta fito daga 1872 zuwa 1949, kuma a kan irin waɗannan ne masana ke dogara. Baidu Baike da Wikipedia mutane ne ke rubuta su, ku gangara ƙasa ku ga wace hujja suka kawo, idan babu, to babu. Abin da jarumar ta faɗa da bakinta a ce ita ta faɗa. Abin da ake saɓani a kai a ce ana saɓani, a kawo ɓangarorin. Abin da ya shafi kwanciya, ciki, cuta ko dalilin mutuwa, idan ba kotu ko iyali ko ita kanta ba ne suka tabbatar, a bar shi gaba ɗaya, ko da zai kawo mabiya dubu.

Masu karatu, ku ma kuna da hannu. Idan kun ga "tarihin jaruma" babu inda aka ce an samo shi, ku tambayi mai shafin, idan ya kasa amsawa kada ku tura. Masu shafuka kuma, duk wanda ya san ya taɓa ɗora irin wannan, ya koma yau ya duba shi. Wanda ya tabbata kuskure ne a gyara shi a fili, a wurin da aka yi shi, da girman rubutun da aka yi shi, yadda waɗanda suka karanta na farko za su ga na biyu.